Aljihu

Shekara talatin da huɗu ina saman bene,
a ɗakin ɗinkin gidan talabijin, kudancin Birnin Mekziko,
allura a baki, igiyar awo a wuya.
Rigar amarya arba'in da ɗaya na ɗinka,
ko ɗaya ba ta ga auren gaske ba.

Na san yarinyar tun kafin a rubuta ta:
daga ƙauye take zuwa da akwatin kwali,
ta kama wanke-wanke gidan masu hali,
ɗan gidan ya hango ta a gindin matakala.
Sai kuka.
Kashi ɗari da tamanin na kuka.
A mare ta, ta yafe.
A ƙulla mata sharri, ta yafe.
A sace mata jariri, ta kunna kyandir a coci.
Ni kuwa ina sama ina yankan leshi,
na san inda haƙurin zai sauke ta:
ƙararrawa, furanni, shinkafa a ka,
a rufe labari tana murmushi.

Muguwa kaɗai ake ba jar riga.
Ita ke da mota, ita ke da ofis, ita ke da baki,
don haka dole ta haukace ko ta faɗa rami.
Tun lokacin, in za a faɗi gaskiya,
kayanta na fi jin daɗin ɗinkawa.

Bana sai ga Nayeli, mai rubuta labarin,
sa'ar jikata, ta hauro da kofi a hannu.
Ta ce, Doña Eulalia, a sa mata aljihu.
Na ce, wa?
Ta ce, tauraruwar.
Na zare allura daga bakina.
Ashe duk tsawon shekarun nan
ban taɓa yi wa ɗayansu aljihu ba.
Me za ta zuba? Ko hankicin share hawaye
a wurin saurayi yake.

Nayeli ta ƙirga min da yatsu:
makullin tirela,
takardar rabuwar aure a ninke huɗu,
maganin hawan jinin uwarta,
jan-baki, da kuɗin mai.
Casilda sunanta, shekara arba'in da shida,
tana jan kaya daga Veracruz zuwa arewa.
Takan yi ƙarya. Ta taɓa cin amanar ƙawa,
kuma aradu ba ta faɗo mata ba,
da ƙafarta ta je ta nemi gafara.
Akwai namiji, wani mai facin taya, mutumin kirki.
Tana son sa.
Ba ta tsayar da mota don jiran sa.

Da muka kusa kashi na ƙarshe na tambaya
yaushe zan yanka farin yadi.
Nayeli ta ce, babu biki.
A rumfar bakin titi za a ƙare,
ita da 'yarta suna cin abinci,
inji yana huci a baya.

Maƙwabciyata Chabela ta yi kwana uku tana mita:
an cuce mu, labari ba aure ai miya ce ba gishiri.
Ban musa mata ba. Ni ma na yi kewar ƙararrawar.
Amma na tuna Anselmo, Allah ya ji ƙansa,
da rigar aro da na sa ranar aurenmu,
da duwatsun da na dafa a gidansa.
An ce za a sha romo.
Har yau tukunyar tana kan wuta.

Jiya da dare na ɗauko siket ɗina na Lahadi,
na farke gefen dama,
na ɗinka masa aljihu da ragowar leshin amare.
Ban san me zan zuba ba tukuna.
Na dai sa hannuna a ciki,
na fita tsakar gida,
na tsaya.